Celina Mai Kanofi da Ɗan Aikenta na Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya, ko ya raɗa wa jariri suna, ko ya binne tsoho tsakanin Kakuri da Gonin Gora, da wuya a ce bai zauna a kan kujerar Celina ba. Kujerun roba ne farare, kowace da ƙaton harafin C a bayanta da jan fenti, don ta ce mutanen Kaduna ba ɓarayi ba ne, mantuwa ce dai ke kama su in an zo mayar da kayan haya. Shagonta yana Kakuri, jikin katangar wata tsohuwar masaƙa da ciyawa ta cinye. Kanofi, wato rumfar taro, take bayarwa haya, da kujeru, da tebura, da manyan tukwanen biki. Tana da direba ɗaya mai suna Ben, da a-kori-kura ɗaya wadda ta girmi Ben ɗin.

A wannan masaƙar ta fara aiki tun tana budurwa, sabuwar zuwa daga ƙauyensu na wajen Zonkwa. Duba yadi ne aikinta. Yadi yana wucewa ta gabanta a kan tebur mai fitila, inda zare ya tsinke ko rini ya yi dabbare-dabbare sai ta shata alli ta ce a mayar. Masaƙa ta mutu ta bar mata idon. Har gobe in ka kai mata anko, kafin ta ce an gode sai ta ɗaga shi ta haska rana. 'Yan Zumunta Mata na cocinsu sun san halinta, shi ya sa ranar da mace ta ɗinka sabon zane take neman benci mai nisa da Celina.

Da aka rufe masaƙa ne ita da mijinta Ibrahim suka sayi 'yan kujeru da kanofi ɗaya na hannu. Ibrahim dattijon coci ne mai sanyin hali, shi ke lallashin kwastoma bayan Celina ta gama faɗa da su. Ya rasu lokacin da 'yarsu ɗaya tilo, Jemimah, take sakandare. Daga nan shago ya koma kan Celina ɗungurungum. Ita ce mai amsa waya, ita ce kalanda, ita ce mai tuna wane gida ne lungunsu ba ya ɗaukar mota.

Sana'ar ta ciyar da su, ta biya makaranta, amma ta cinye mata kowace Asabar ta rayuwarta. Ranar da aka ba Jemimah kyauta a makaranta, Celina tana kafa kanofi a Romi. Ranar da ta gama makarantar koyon jinya a Kafanchan, Celina ta iso an naɗe tabarmi. Kai, ranar auren Jemimah kanta an ga uwar amarya da ɗaurin kai kamar zai taɓo sama, ta zagaya bayan coci tana yi wa wani ihu a waya a kan teburan bikin wasu mutane daban.

To, ga shi Jemimah ta samu ciki, tana can Zonkwa da mijinta Nicholas, malamin makaranta. A al'adarsu uwa ce ke zuwa ta yi wa 'yarta wankan jego na haihuwar fari, ta zauna har sai mai jego ta yi ƙwari. Da Celina ta ɗauko zancen a waya, Jemimah ta yi 'yar dariya ta ce, "Mama, kar ki wahalar da kanki. Na san Asabar ba ta sakin ki."

Da faɗa ta yi da ya fi sauƙi. Ba fushi a muryar ko kaɗan, kuma wannan ne ya soki Celina. Ta ajiye waya ta zauna a kan kujerarta mai harafin C, ta rantse a zuciyarta sai ta je, kuma ba zuwan leƙe ba. Matsalar ita ce wa za ta bar wa shago. Ben ya iya tuƙi, ya iya ɗaure igiya, amma bakinsa bai iya cewa a'a ba. In ka ba shi waya, kafin yamma ya yi wa biki uku alkawarin kanofi ɗaya.

Ana cikin haka Tony ya tare ta a ƙofar coci. Ɗan mai koyar da mawaƙan cocin ne, magidanci da 'ya'yansa biyu, yana da ɗan ofis a Barnawa inda shi da abokansa ke haɗa wa masu shaguna manhajar amsa saƙonni. Ya ji matsalarta a bakin uwarsa, don a cocin nan matsala ba ta kwana a gida ɗaya. Ranar Litinin ya zo shago da kwamfutarsa a jaka.

"Mama, ki ɗauka kin samu sabon ma'aikaci," in ji shi. "Ba ya barci, ba ya tafiya ƙauye Kirsimeti. Mutum zai rubuto wa lambar shago a WhatsApp, shi zai amsa. Amma fa bai taɓa ganin Kakuri ba, bai san kanofi da ido ba. Abin da yake da shi 'yan kayan aiki ne da na haɗa masa. Akwai na duba kalanda, akwai na ajiye wa mutum rana, akwai na soke ta, akwai na tura wa Ben saƙo ya loda kaya. Kowanne na rubuta ɗan bayani a kansa, ga amfaninsa, ga lokacin da za a ɗauke shi. Da wannan bayanin kaɗai yake gani. In bayanin ya karkace, shi ma ya karkace."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"Ke ce alƙali. Ki riƙa rubuto masa kamar kwastoma, ni kuma in nuna miki wane kayan aiki ya ɗauka. Ki ce ya yi daidai ko bai yi ba. Ba zan sake shi ga mutane ba sai kin ce ya ci."

Celina ta gyara zama. An zo wurin. Tony yana ce wa abin ejan, ita kuwa tun ranar ta raɗa masa Ɗan Aike, kuma sunan ya bi shi.

Haka suka riƙa yi da hantsi, lokacin da shago ba cinkoso. Celina ta zama amarya, ta zama uban ango mai rowa, ta zama shugabar ƙungiya mai canza magana. Ran nan ta ajiye ranar biki, ta dawo ta ce a ƙara mata kujeru. Ɗan Aike ya amsa da ladabi cewa an soke bikin gaba ɗaya, Allah ya ba da haƙuri.

"Ka gani ko!" ta ɗaga murya har Ben ya leƙo daga ƙarƙashin mota. "Ya kashe aure! Wannan ai ɗan iska ne ka kawo mini!"

Tony ya juyo mata kwamfuta ya karanta mata abin da ya rubuta a kan kayan aikin sokewa: a ɗauke shi in kwastoma yana son canza abin da ya ajiye. Shi ke nan, ba ƙari. Celina ta sa ya maimaita. Sannan ta juya kan Tony.

"Ashe yaron ba shi da laifi. Kai ka aike shi da rabin magana. In na ce wa baƙo ya ɗauki wuƙar nan in ana son gyaran kaza, ya je ya yanka mai ƙwai, wa zan zaga?"

Daga ranar ta daina zagin Ɗan Aike. In ya yi shirme sai ta ce, "Karanto mini abin da muka gaya masa." Tony ya karanta, ta lalubo inda zaren ya tsinke, ta faɗi gyara, ya rubuta, su sake gwadawa. Abin ya fara yi mata daɗi, har takan kama kanta tana shirya wa Ɗan Aike tarko tana cikin wanke-wanke.

Da aka zo kan kayan makoki ta ce wa Tony ya cire hannunsa, wannan ita za ta faɗa da bakinta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta lumshe ido ta zayyano. A fara da gaisuwar ta'aziyya. A tambayi mutuware, wato ɗakin ajiye gawa da aka kai mamaci. A tambayi ranar da dangi suka tsayar, da ranar zaman waƙoƙi a nan gari, da ƙauyen da za a kai gawa biso. A tambayi launin anko don adon kanofi ya dace. Tony yana rubutawa yana gyaɗa kai, don shi ma haka aka binne kakarsa a Kagoro. Suka gwada, suka sake gwadawa, Ɗan Aike bai yi tuntuɓe ba. Celina ta ce ya ci, har ta saya wa Tony lemo mai sanyi.

Washegari Hajiya Larai ta biyo. Ƙawar Celina ce tun zamanin masaƙa, a ɗaki ɗaya suka yi aiki, yanzu tana sayar da atamfa a Makera. Ba ta taɓa ce mata Celina ba, Salina take cewa, kuma ba ta da niyyar gyarawa. Ta zo ne kawai ta ga aljanin da aka ce ƙawarta ta ajiye a waya.

"Gwada shi," in ji Celina tana hura hanci. "Ki ce an yi muku rasuwa."

"A'uzubillahi! In ƙirƙiro wa gidana mutuwa da bakina?" Larai ta yi ɗan tunani. "Bari in ɗauko kakana Malam Zakariyya'u. Ya rasu tun ba a gina masaƙa ba, ba zai damu ba."

Ta sa tabarau, ta rubuta da yatsa ɗaya: Salamu alaikum, Allah ya yi wa kakana rasuwa yau da asuba, muna son kanofi da kujeru a Makera. Kafin ta cire tabarau amsa ta shigo. Ɗan Aike ya amsa sallama, ya yi ta'aziyya mai kyau, sannan ya tambaya wace mutuware aka kai marigayin, wane wata aka tsayar don biso, kuma wane launin anko iyali suka zaɓa.

Larai ta karanta, ta sake karantawa, sai ta kife a kan tebur. Dariya take har mayafi ya zame. "Anko! Malam Zakariyya'u da anko! Wayyo cikina! Salina, kafin ɗan aikenki ya gama zaɓen launi ai an yi masa sallah, an kai shi, an dawo, har an fara shawarar sadakar uku!"

Tony ma ya kasa riƙe tasa. Celina ce kaɗai ba ta yi dariya ba, kunya ta rufe ta har wuya. Shekara nawa tana kai kujeru makoki a Makera da Tudun Wada? In aka kira ta daga can ba ta tambayar komai, takalmi take nema tana ƙwala wa Ben kira, don ta san kafin azahar an gama. Ta san wannan sarai. Sai dai sanin a hannunta yake da ƙafarta, bai taɓa bi ta bakinta ba. Da ta lumshe ido za ta faɗa, bison uwarta ne ya zo mata, shi ta zayyana, shi kuma ta yi ta gwadawa tana ba kanta maki.

"Goge," ta ce wa Tony. "Rubuta: da zarar an ambaci mutuwa, kar ka tsaya surutu, ka karɓi kwatance ka tura Ben da kanofi da kujeru nan take."

"Mama, mu ɗan gwada shi ta wasu fuskokin tukuna."

"Cikin Jemimah ba zai jira fuskoki ba. Larai, sake kashe kakanki."

Larai ta sake kashe Malam Zakariyya'u, wayar Ben ta yi ƙara a aljihunsa nan take, kowa ya tafa. Celina ta ce a sake shi ga mutane, ita tana gefe tana kallo.

Garin neman gira aka rasa ido. Ran Talata Celina tana kasuwa sayen kayan jariri, wata Madam Scholastica ta Gonin Gora ta rubuto. Surukinta ne ya rasu tun watan jiya, yana mutuware ana jiran babban ɗansa ya dawo daga waje, tana so ne ta ajiye rana tun da wuri. Ɗan Aike ya ga mutuwa, ya karɓi kwatance, ya tura Ben. Ben kuwa ba ya gardama da saƙo. Ya loda kaya, ya isa Gonin Gora, ya tarar matar gidan ta fita, ya kafa kanofi a ƙofar gida ya jera kujeru tsaf.

To, a unguwannin nan kanofi a ƙofar gida ranar Talata shela ce. Maƙwabta sun riga sun yi gaisuwar tsohon tun watan jiya, saboda haka lissafinsu ya tafi wuri ɗaya: tsohuwar ce ta bi mijinta. Mata suka yar da tallarsu a bakin titin Abuja suka nufo gidan da hannu a ka. Suka kutsa tsakar gida da kuka, suka tarar da Kaka a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa.

"Wa ya mutu kuma?" in ji tsohuwar.

Sai wata ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ke, Kaka."

Tsohuwar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tofar da ɓawon gyaɗa. Ta ce tunda kujeru sun zo, su ma sun zo, kowa ya samu wuri ya zauna su yi mata waƙar bison, ta ji ko sun iya tun tana da kunnen gyara musu. Kuma haka aka yi. An ce har ta tsayar da su a baiti na biyu ta ce sun ja shi da yawa.

Madam Scholastica ba ta ga abin dariya ba. Ta kira Celina tana huci. "Abeg, Madam Celina, wane irin wahala ne wannan? So kike ki kashe mini suruka kafin lokacinta?" Celina ta ba da haƙuri a tsaye, ta ba da a zaune, ta tura Ben ya kwaso kaya. A keke-napep ɗin da ya dawo da ita gida ta rungume ledar kayan jariri tana lissafi. Watan haihuwa ya kama. In ta tafi ta bar wannan, sunan da ta gina tun rasuwar Ibrahim zai zube. In ta zauna, maganar Jemimah ta tabbata.

Da safe ta kira Tony, ta kira Larai, suka zauna a shago. Tony ya zo da dabararsa. "Abu mai sauƙi ne, Mama. Iri biyu ne, na yau da na jira. Mu ce masa ya duba sunan mai rubutowa. In ya ga Ibrahim ko Hafsat, ya san na gaggawa ne."

"Mijina Ibrahim ne," in ji Celina, "kuma shi ke raba jibin Ubangiji a coci. Ƙanwar babana Larai ce, kamar wannan da ke zaune. Sunan wa za ka duba a garin nan?"

Tony ya sosa ƙeya. "To ya tambaya kawai. Layi ɗaya ne. Musulmi ne ko Kirista?"

Larai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Tony yana ƙaramin yaro shekarar da rikici ya raba garin nan gida biyu, labari ya ji. Celina kuwa ta ji wannan tambayar da kunnenta a bakin titi, an tsayar da motarsu, Jemimah tana goye a bayanta. Larai ma ta ji ta a wata unguwar, daga bakin wasu mutanen daban. Dukansu biyu sun tsira, kuma tun daga lokacin ba su taɓa zama sun yi hirar ba.

"Tony," in ji Celina a hankali, "ba a shagona ba. Mutum uwarsa ta mutu, ya ɗauki waya, abu na farko da zai gani da sunana shi ne wannan? Ko da zan rufe shagon, Ɗan Aike ba zai yi wa kowa wannan tambayar ba."

"Yi haƙuri, Mama. Ban yi tunani ba."

Larai ce ta warware, tana share ido da gefen mayafi kamar wani abu ne ya faɗa mata. "Ni dai ban ga abin wahala ba. Ke Salina, ina ruwan kujera da inda mutum yake sallah? Abin da kike son sani, yau ake so ko akwai lokaci. To a tambayi hakan mana."

Celina ta dube ta, ta dubi Tony, ta ce ya buɗe kwamfuta. Wannan karon ba ta lumshe ido ba, kuma ba doka kaɗai ta ba Ɗan Aike ba, har da dalili, yadda za ka yi wa baƙon da kake so ya zama ɗan gari. A garin nan, in ji ta, wasu suna binne mamaci ranar da ya rasu, wasu suna jira dangi su taru, kuma ba za ka gane ba daga suna ko unguwa. Kar ka yi zato, kar ka tambayi addini. Ka yi ta'aziyya, ka tambaya yau ake buƙata ko akwai lokaci. In yau ne, tura Ben ba tare da wata tambaya ba sai kwatance. In akwai lokaci, ajiye rana. Kuma kar ka kai abin da ba a nema ba, don kanofi a ƙofar gida yana gaya wa unguwa an yi mutuwa.

Suka yi ta gwadawa. Malam Zakariyya'u ya sake rasuwa har Larai ta ce a bar bawan Allah ya huta. Madam Scholastica, da ta huce, ita ma ta yi nata gwajin don ta ce ba ta yarda da kowa ba. Ɗan Aike bai faɗi ba. Amma Celina ta ƙi furta cewa ya ci. Ta taɓa faɗa sau biyu ta ji kunya, bakinta ya yi nauyi.

Ba a jira bakinta ba. Ranar Asabar da sassafe, tana tsaye Ben yana loda kayan wani biki, Nicholas ya kira. Jemimah ta sauka lafiya tun jiya da yamma, an samu mace, anjima za a sallame su. Celina ta yi guɗa har mai shayin tsallaken titi ya zubar da madara. Ta shiga gida ta jawo jakar da ta daɗe da haɗawa, ta tari keke zuwa tashar mota ta unguwar Television.

Ta samu motar Zonkwa saura mutum ɗaya, ta zauna bakin ƙofa da jaka a cinya. Direba yana ɗaure kaya a but sai wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne ya shigo lambar shago, wani mai suna Sani ya rubuto, ba ta san shi ba. Mahaifiyarmu ta rasu da safen nan, in ji saƙon.

Ƙafarta ɗaya ta sauka ƙasa da kanta. Ɗan Aike ya yi ta'aziyya, ya tambaya yau ake buƙata ko akwai lokaci. Shiru. Kwandasta ya riƙe ƙofa ya ce, "Mama, ki shiga ko ki fita, mutane na jira." Ta ɗaga masa hannu ba ta dube shi ba. Can amsa ta shigo: Akwai lokaci, sai 'yan'uwa sun haɗu. Amma mutane sun fara zuwa gaisuwa, ba mu da wurin zaunar da su.

Wannan ba su taɓa gwada shi ba. Ba na yau ba ne, ba na jira ba ne, ya faɗo tsakiya. Yatsanta yana kan waya za ta karɓe zancen, ta san kuma in ta karɓe sai ta sauka, in ta sauka Asabar ta sake cinye ta. Ta dunƙule hannun ta jira.

Ɗan Aike ya rubuta: Za mu kawo muku kujeru yanzu don masu gaisuwa. Kanofi sai kun ce a kawo. In kun tsayar da rana ku sanar da mu. Ina ne gidan? Sani ya ba da kwatance. A ƙasa ta ga saƙon da ya tafi wa Ben, kujeru kaɗai, in ya sauke kayan biki ya wuce kai tsaye.

Celina ta mayar da ƙafarta cikin mota. "Ya ci," ta faɗa da ƙarfi, har matar kusa da ita ta matsa. Kwandasta ya ja ƙofa. Sai da suka wuce Sabon Tasha ta lura har yanzu ba ta san ko Sanin nan masallaci yake zuwa ko coci ba, kuma kujerunta suna hanyar gidansa.

Sai da rana ta karkata Celina ta isa Zonkwa. A tsakar gida ta tarar da uwar Nicholas ta ɗora ƙatuwar tukunya a murhu, ga ganyen dogon yaro a gefe. Matar ta miƙe da mamaki, suka rungume juna, sannan ta miƙa mata ganyen tana dariya ta ce, "Ga mai aikin ta zo, ni riƙon ƙwarya nake."

Jemimah tana kwance a ɗaki da jaririya a gefenta. Ta ɗago ta ga uwarta a bakin ƙofa, ta ga ƙatuwar jakar da Nicholas ke ja a bayanta da ƙyar. Ta daɗe tana kallon jakar.

"Mama, duk wannan kayan na kwana ɗaya ne?"

"Wa ya ce miki kwana ɗaya? Sai kin gaji da ni kin kore ni."

Jemimah ta dubi uwarta. Ta juya fuska bango, ta juyo, hawaye ya riga ya zubo. "Mama, ban ma gyara miki ɗaki ba. Ban yi zaton za ki zo ba."

Maganar ta yi wa Celina zafi, don gaskiya ce, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. Ta zauna bakin gado ta kama hannun 'yarta ta riƙe.

"Na sani," ta ce. "Matsa can, a nan zan kwana."

Ta ciro waya daga jaka ta miƙa wa Nicholas ta ce ya ajiye mata a ɗakinsu. Sannan ta sake ɗaura zane a ƙirji, ta fita duba ko ruwan ya tafasa.